Wanzami a Garin da Ba a Durƙusawa

Da sunan Wanda ya tsaga ido ya zuba masa haske, ya shimfiɗa ƙasa ya ce a taka, ya raba wa mutane harsuna ya bar kowa da nasa wayon. Ku matso ku ji, masu gemu da masu jiran gemu. Ni ne Korau ɗan Bagudu, wanzami jikan wanzami, kuma abin da zan ba ku ƙafata ce ta taka shi, idona ne ya gan shi. Wanda ya yarda ya kyauta. Wanda bai yarda ba ma ban ga laifinsa ba, don ni kaina ban taɓa karɓar zancen mutum a karon farko ba.

Haka Allah ya yi ni. In aka miƙo min fura sai na juya ludayi na ga abin da ke ƙasan ƙwarya, in mutum ya cika yi min fara'a sai na shafa aljihuna. Mutum ɗaya na yarda da ita a duniya, yayata Tasalla, wadda ta goya ni bayan rasuwar uwarmu, ta tauna ta sa min a baki. Sana'arta kaɗi, masaƙan garinmu har faɗa suke yi a kan zarenta. Sai ciwon yana ya sauko mata a ido biyu, baƙin idon ya koma fari kamar an ɗiga nono. Na yi mata ƙaho, na yi tsaga, na nemo kwalli iri-iri, duk a banza. Ranar da na same ta tana laluben mazarinta alhali ga shi nan a gaban gwiwarta, na zagaya bayan rumbu na yi kuka.

Wani tsohon malami mai karatun littattafan magani ya ce min akwai labarin wata allura da ake ture yanar ido da ita, a cikin abin da Larabawa suka kwaso daga Yunanawa, waɗanda wasu ke kira Girkawa. Ya ce biranen mutanen nan sun rushe tun kafin kakannin kakanninmu, amma iliminsu bai rushe ba. Duk malamin da ka ji yana auna tafiyar taurari, ko yana cewa in kaza haka ne to kaza ma haka ne, da bazarsu yake rawa ko ya sani ko bai sani ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a karanta min yadda ake yi mana."

Ya ce, "Littafi ba ya koya wa hannu, Korau. Sai ka sami hannun da ya gada."

Na rataya zabirata ta aski, na je na durƙusa gaban Yaya Tasalla. Ta dafa kaina ta ce, "Kai da ba ka yarda da kowa ba, wa zai iya koya maka abu?" Na ce zan koya ina dubawa. Ta yi dariya, ta ce in yi sauri, don ita ba yarinya ba ce.

Na bi ayari na ƙetare rairayi, na faɗa Zarmuna, birnin da ke bakin teku, inda kowane mai tebur yake rantsuwa maganinsa na Yunanawa ne. Wani mai gemu da ya sha mai ya riƙe min hannun riga, ya nuna min 'yar kwalba, ya ce ɗigo ɗaya makaho zai zura zare a allura. Na ce to ya ɗiga a nasa idon in gani. Ya ce ai nasa lafiya lau. Na ce magani na gari ba ya cutar da lafiyayye. Muna cikin ja-in-ja kwalbar ta karkace, ɗigo ya faɗa kan fatar da yake zaune, fatar ta yi hayaƙi ta huje. Da ya ga mutane sun fara leƙowa, sai ya riga ni baki, ya kwarara ihu, "Ɓarawo!"

Baƙo ba ya cin shari'a a tsakiyar kasuwa. Na ranta a na kare, na kutsa ta layin masu kifi, sai ga ni a rumfar wanzamai. Na tsuguna a ƙarshen layi, na zaro aska, na kamo kan wani ƙato da ke jiran a zo kansa, na jiƙa na hau aiki. Masu bina suka wuce ta gabana da sanduna, ba wanda ya dube ni, don ba mai kallon fuskar wanzami. Mai kan nan ya shafa ya ji sumul, ya tambaye ni inda na dosa. Ashe mai jirgin ruwa ne. Ya ɗauke ni a bakin in riƙa yi wa mutanensa aski, ni kuma na riƙa kwana da zabirata a ƙarƙashin kai.

Ya sauke ni a wata gaɓa inda wani birni na Yunanawa ya mutu a tsaye. Ginshiƙai na farin dutse sun yi layi, ba rufi a kansu sai sama. Ga gumaka ko'ina, maza da mata, an sassaƙa su har jijiyar bayan hannu, har ninkin zane, sai ka ce yanzu za su yi atishawa. Amma da na matsa na dubi idanunsu, sai na ga dukkansu fari ne fat, irin na Yaya Tasalla. Na ce a raina an cuce ni. Mutanen da su kansu makafi ne, su za su buɗe wa wani ido?

Wani tsoho mai kiwon awaki a cikin kangon ya ji ina ƙunƙuni, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce da can idanun a shafe suke da launi, ruwan sama ne ya wanke. Shi ya ba ni labarin Taliyasa, tsibirin da ragowar Yunanawa suka gudu suka ɓuya lokacin da sarakuna suka cinye biranensu. Ya ce jirgi mai tuƙi ba ya samunsa, sai dai mutum ya kwanta a kwalekwale, ya jefar da matuƙi, wato itacen tuƙi, ya bar ruwa ya kai shi.

Na ce, "Baba, ka taɓa ganin wanda ya je ya dawo?"

Ya ce, "Duk shekara mutum guda kan fito, an ɗaure masa ido, yana zage-zage."

Ban ji daɗin amsar nan ba. Na shiga kwalekwalen da ya nuna min, na jefar da matuƙi ɗaya a gabansa, na ɓoye wani a cikin riga. Ruwa ya yi ta juya ni a wuri guda, in bar dutsen nan da hantsi in same shi da la'asar, har ƙishirwa ta fara tsaga min leɓe. Da na ga ba sarki sai Allah, na zaro matuƙin na wurga. Nan take kwalekwalen ya miƙe kamar jakin da ya hango gida, ya ratsa wani hazo mai kauri, sai ga tsibiri da fararen gidaje sun hau jikin dutse.

Mutanen suka tarbe ni da ruwan wanke ƙafa da gurasa da man zaitun, ba wanda ya tambayi sunana sai da na ƙoshi, don haka al'adarsu take da baƙo. Ina cikin cewa da walakin goro a miya, sai na ji ƙaurin hayaƙi. Na waiga, kwalekwalena ne ke ci da wuta. Daga baya, da na koyi harshensu da nuni da shan dariya, aka bayyana min cewa wanda ya shigo Taliyasa ya shigo ke nan, don kada ya fita ya nuna wa sarakunan duniya hanya. Na haɗiye wannan, na ce bari in fara samun allura tukuna.

Garin nan ba sarki, ba hakimi, ba mai unguwa. In magana ta taso sai magidanta su taru a dandali, kowa ya hau wani dutse ya faɗi ra'ayinsa, a ɗaga hannu, a bi inda hannu ya fi yawa. Mata ba a tambayarsu, ko da yake na lura abin da ake ɗaga wa hannu da rana galibi a gida aka dafa shi. Alƙali ma da ƙuri'a ake fitar da shi, da farin wake da baƙi. Samarinsu kuwa su yi tsere da kokawa tsirara haihuwar uwarsu, wanda ya ci a ɗora masa ganye a ka. Na tsaya ina jira in ga an kawo doki ko riga, ashe ganyen ke nan.

Mai allurar wani dattijo ne, Filutas, siriri mai ƙaramar murya, shi da matarsa Malita, ba ɗa ba jika. Ya daɗe yana kallon hannuwana kafin ya dubi fuskata. Ya ce ba ya koyarwa sai da rantsuwa: ba zan cutar da majiyyaci ba, ba zan ba kowa guba ba ko da ya roƙa, abin da na gani a gidan mutum a nan zan bar shi, kuma zan riƙi malamina kamar uban da ya haife ni. Na ce ni ba na rantsuwa da gumaka. Ya ce, "Rantse da wanda kake tsoro." Na rantse da Allah, ya karɓa.

Muka fara da idanun awakin da aka yanka. Ya koya min gane yanar da ta nuna da wadda ba ta nuna ba. Ya koya min shigar da allurar tagulla ta gefen baƙin ido, in taɓa yanar ta sama, in danna ta ƙasa a hankali har ta nutse ta bar hanya. Idon hagu da hannun dama, idon dama da hannun hagu, saboda haka sai da ya sa na yi watanni ina cin abinci da hagu, ina neman gafarar Allah a kowace loma. Da farko na zaci yana ɓoye min wani sirri, irin na masu sana'a. Na yi ta dubawa ban kama shi da komai ba, har na fara ƙaunarsa ba da sanina ba.

Tunda na rantse uba ne, sai na ba shi haƙƙin uba. Kullum da safe in ya fito ƙofar gida, in cire takalmi in durƙusa in gaishe shi. Shi kuwa ya riƙa fizgo ni yana waige-waige, yana cewa, "Tashi, tashi! Ciwon gwiwa kake?" Na ɗauka kara ce irin ta dattawanmu, waɗanda za su ce maka tashi mana, amma in ka tashi da wuri su riƙe ka a zuci. Sai na ƙara ƙasa da kai.

A nan wani Nikandaro ya shigo zancen. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da zaƙin baki, wanda in ya hau dutsen dandali sai an ja shi yake sauka. Ya maƙale min da abota, kullum da tambaya a bakinsa, don mutanen nan tambaya ce abincinsu. Za su tare ka a hanya su ce mene ne adalci, ka ba su amsa, su kwance ta zare-zare su bar ka tsaye. Amma tambayar Nikandaro ba irin wannan ba ce, tana da ƙugiya.

"Abokina, wannan da kake yi wa Filutas da safe, shi ya sa ka?"

"Ba ya sa ni. A ƙasarmu haka na ƙasa ke yi wa na sama."

"Au, ashe shi na sama ne?"

"Sosai ma. Wa ya kai shi a garin nan?"

Ya yi murmushi ya tafi. Na shafa aljihuna na ji ba abin da ya ɓace, amma jikina ya ba ni an ɗauki wani abu.

Ba a daɗe ba aka yi bikin wasanninsu. Suna da wani fili da suka sassaƙa a jikin tsauni, hawa-hawa kamar rabin ƙwarya, in mutum ya yi raɗa a ƙasa na can sama zai ji. 'Yan wasa kan sa fuskokin da aka ƙera, su kwaikwayi mutane, wani wasan a yi kuka, wani a yi dariya. Ran nan sai ga wani ya fito da fuskar tsoho, da ƙatuwar allura a hannu kamar sandar sarauta, wani kuma da baƙar fuska yana rarrafe a bayansa yana lasar ƙasa. Fili ya ɗauki dariya. Amma dariyar ba ta yi tsawo ba, kuma da ta mutu sai na ga kawuna suna juyowa wajen Filutas. Shi ko motsi bai yi ba.

Da muka koma gida, Malita ta ja ni wajen murhu. Ta ce, "Ɗan nan, ka kashe mu da ladabi." Ta ce a wurinsu ba a durƙusa wa ɗan Adam, sai abin bauta, kuma mutumin da ya bari aka durƙusa masa sarauta yake nema. Sannan ta gaya min zancen tsingaro. Sau ɗaya a shekara kowane magidanci kan ɗauki fasasshen kasko, ya karce sunan mutumin da yake tsoron ya yi girma da yawa. Wanda tsingaronsa ya fi yawa, a ɗaure masa ido a fitar da shi daga tsibirin shekara goma, ko bai yi laifin komai ba. Bana Nikandaro ne kowa ke nunawa da baki, shi ya sa ya nemi wanda zai tura gaba.

"Mijina ko jirgi bai taɓa shiga ba," in ji ta. "Shekara goma a wurinsa kabari ne."

Na ce, "Inna, wato wanda aka kora shi ne mutum gudan da kan fita?"

Ta dube ni da kyau, ta rage murya. "Kada ma ka fara. Wanda aka gane da gangan ya nemi kora, ƙoƙon guba ake ba shi, shi da duk wanda ya sani."

Na ce mata ni ba abin da na fara. Amma na zauna na auna. In aka kori Malam Filutas, na ci amanar uban da na rantse a kansa, kuma ƙofar fita ta rufe sai baɗi, in ma ta buɗe min, ga Yaya Tasalla can tana tsufa a cikin duhu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙofa ɗaya ce, kuma ni ya kamata in bi ta, ba tare da kowa ya san ina so ba.

Lokacin sussukar alkama ne, ƙaiƙayi ya cika iska, rabin gari na yawo da jan ido. Na ciro rawanina da ke ƙasan zabira tun ranar da na zo, na naɗa shi ya yi tsini, don na ji cewa sarakunan da suka kori kakanninsu ƙyalle suke ɗaurawa a ka. Na tafi dandali na zauna daram a kan dutsen da ake hawa a yi magana, na ce duk mai ciwon ido ya zo. Na farko ya nemi kujera, na ce babu, ya sa gwiwa a ƙasa ya ɗaga fuska wajen rana in ba haka ba ba zan ga ƙaiƙayin ba. Ya so ya ƙi, amma ido ba ya jiran girman kai. Ya durƙusa, na cire masa, na wanke, ya tashi yana sa min albarka. Kafin rana ta yi tsaka layi ya kai bakin rumfar masu tukwane, 'ya'yan Taliyasa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya a gaban baƙo mai rawani.

Na daina gaida Malam da safe. Ranar da ya zo dandali ya tsaya a kaina ya ce, "Korau, wannan na koya maka?" sai na kau da kai na ce, "Tsoho, kowa da ranarsa. Matsa, ka tare min haske." Ban taɓa faɗin maganar da ta ƙona min baki kamar wannan ba. Ya juya ya tafi a hankali, ni kuma na ci gaba da wanke idon wani, nawa idon na cike da ruwa.

Nikandaro dai ba wawa ba ne. Ya same ni ni kaɗai a bakin rijiya, ya ƙare min kallo, ya ce, "Abokina, anya ba gida kake son tafiya ba?"

Na ji ɗacin gubar nan a harshena tun ba a dama ta ba. Na yi dariya na ce, "In tafi ina? A garinmu ni wanzami ne. Nan kuwa na tarar da kujera ba mai ita." Na matso kusa da kunnensa. "Kowane sarki yana bukatar waziri mai baki. Ka yi tunani."

Wallahi sai da na ga idonsa ya yi ƙyalli kafin ya tuna da kansa. Ya ja da baya, ya tattare mayafinsa, ya nufi dandali da sassarfa. Kafin la'asar ba gidan da bai ji cewa baƙo ya fara raba sarautu ba.

Ranar tsingaro aka kewaye dandali da igiya. Magidanta suka riƙa shiga ɗaya-ɗaya, kowa ya kife nasa a hannu don kada na kusa ya gani, maƙwabci na harar maƙwabci. Ni ba ni da ƙuri'a, ina gefe da rawanina ina hura hanci. Filutas ya zo wucewa, ya tsaya daidai gabana, ya ɗauki tsingaro ya karce sunana a fili yadda zan gani, bai ko dube ni ba. Aka zube su aka ware. Tsibi uku suka tashi, nawa da na Malam da na Nikandaro, suna hawa kafaɗa da kafaɗa, har na daina kallo. Da mai shela ya buɗe baki, sunana ya kira. Na fasa ihu na zagi garin da mutanensa, na ce za su gani, don kada wani ya ga farin cikina.

Doka ta ce korarre ba ya fita sai da abin da ya shigo da shi. A bakin ruwa suka zazzage zabirata, suka ƙirga asake da ƙaho, suka laluba rigata har ɗinki. Allura kuwa tana gidan Malam, kuma irin tagullarta da kaifinta ba maƙerin da na sani da zai iya. Na sami hanya na rasa abin da na zo nema. Ina tsaye ina haɗiyar wannan baƙin ciki sai ga Filutas ya ratso taro. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Butulu! Ka ci gurasata ka nemi ka hau kanmu!" Ya kai hannu ya fizge rawanina, ya cukuikuye shi, ya jefa min a ƙirji. "Tafi da tsummanka!"

Gwiwoyina suka nemi ƙasa da kansu, don ban taɓa rabuwa da babba a tsaye ba. Na tuna in na durƙusa, baɗi tsingaronsa ne zai cika dandali. Na ƙame, na tofar da yawu a gefe, na juya masa baya. Aka ɗaure min ido aka jefa ni jirgi.

Sai da suka sauke ni a gaɓar birnin gumaka suka juya, sannan na kwance idona na warware rawanin don in naɗa. Wani abu ya soke ni a yatsa. Allurar tagulla ce, an soka ta a cikin ninkin ƙyallen, an lulluɓe bakinta da ulu yadda Malam ke yi. Na zauna a kan yashi na daɗe ban tashi ba. Sannan na fuskanci teku, inda ba kowa sai awaki, na cire takalmi na durƙusa.

Hanyar dawowa ta ci nata rabon na shekaru, a teku da rairayi, amma ba ita na tara ku ku ji ba. Na iso garinmu da hantsi, ban tsaya gaisawa da kowa ba sai da na ji tarin Yaya Tasalla daga cikin ɗaki. Tana nan da rai, ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya. Ta ji muryata ta ce, "Ka daɗe," kamar wanda aka aika kasuwa.

Na duba yanar, ta nuna sarai. Washegari da safe na zaunar da ita a tsakar gida tana fuskantar haske, matar maƙwabcinmu ta riƙe mata kai. Wanzami ba ya son jarfa, kuma ranar na san dalili, don sai ga ni tsaye da allura a hannu na kasa farawa. Ta ce, "In za ka yi ka yi, wuyana ya gaji." Na yi bisimilla na shigar da allura. Yanar ta yi gardama, ta nutse ta taso, na sake dannawa na riƙe, har ta kwanta. Na koma ɗaya idon da hannun hagu. Na rufe su da auduga na ɗaure, na hana ta tari da atishawa da faɗa, na ukun ne ya fi ba ta wuya.

Ranar kwancewa na sa aka rage hasken ɗaki. Na warware ƙyallen a hankali. Ta yi ta ƙifta ido, ta dubi ƙofa, ta dubi tafin hannunta ta juya shi, sannan ta dube ni. Ba ganin da ba ne, amma gani ne. Sai ta ja jikinta baya.

"Ina Korau?"

"Ga ni, Yaya."

"Muryar tasa ce. Amma ƙanena ba shi da furfura. Kai wane tsoho ne?"

Na matso kusa da ita. Ta runtse idon da na sha wuyar duniya na buɗe, ta miƙo hannu biyu ta laluba goshina, da hancina, da kunnuwana, har ta kai gemu. Ta buɗe ido kuma, hawaye na bin kuncinta.

"Kai ne," in ji ta. "Wa ya tsofar min da kai haka? Zauna nan inda zan gan ka. Kada ka motsa."

Na zauna. Masu zuwa barka suka cika zaure, aka yi ta aiko a kira ni, ban motsa ba har rana ta karkata.

Nan ƙafata ta tsaya, nan kuma bakina zai tsaya. Allah ya bar mu da ganinmu.